Tanbihin Ɗalibai a kan Tsinkaya da Duban Ƙarshen Al'amari

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Allah wanda ya halicci mutum, ya ba shi hankali ya zama fitila gare shi, ya sanya wa kowane abu sababi, kowane sababi kuwa lokacinsa. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa, da wanda ya bi su da kyautatawa har ranar sakamako.

Bayan haka, wannan 'yar takarda ce a kan tsinkaya, watau duban ƙarshen al'amari tun ba a shiga shi ba. Abin da ya sa na rubuta ta, na ga ɗalibai sun rabu biyu a kanta. Waɗansu sun ɗauka tanadi da taka-tsantsan raunin imani ne, suna jefa kansu cikin halaka suna kiranta tawakkali. Waɗansu kuwa tsoro ya ɗaure su, ba su faɗin gaskiya inda ta wajaba, suna kiran wannan hankali. Dukansu sun saki hanya. Na kasa ta muƙaddima, da fasali biyar, da cikawa. Allah nake roƙo ya sa ta amfani mai karantawa da mai kwafa.

Muƙaddima: ma'anar tsinkaya

Ka sani, ya kai ɗalibi, Allah ya datar da ni da kai, malamai suna kiran wannan hali da sunaye uku a Larabci. Na farko tadbiri, asalinsa daga kalmar da ke nufin bayan abu, domin mai tadbiri bayan al'amari yake dubawa, abin da zai biyo. Na biyu hazmu, asalinsa ɗaure kaya tamau, daga nan aka samo sunan majayin doki, domin mahayin da bai ja majayi ba tun a gida, sirdi zai juye da shi a fagen sukuwa. Na uku ta'anni, shi ne jinkirtawa har abu ya bayyana. Mu kuwa muka ce tsinkaya, kamar yadda makiyayi ke tsinkayo hadari tun yana gabas ya kaɗo dabbobinsa.

Imamu Mawardi, wanda ya rasu shekara ta 450 bayan hijira (1058), ya kasa hankali biyu cikin littafinsa Adabud Dunya wad Din. Akwai na halitta, wanda da shi ake ɗora wa mutum hukuncin shari'a, akwai kuma na koyo, wanda ke ƙaruwa da jarrabawa da daɗewar kwana. Tsinkaya ɗiyar na biyun ce. Shi ya sa mutanenmu suka ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Ba don idon babba ya fi kaifi ba, sai don ya taɓa ganin irin wannan hadarin, ya san abin da ya zubar.

Imamu Gazali, wanda ya rasu shekara ta 505 (1111), ya bayyana cikin Ihya'u cewa iyayen kyawawan halaye huɗu ne: hikima, da jarumtaka, da kamewa, da adalci, ya sanya kyakkyawan tadbiri cikin 'ya'yan hikima. Ya kuma nuna hikima tana tsakanin ɓarna biyu. In ta gaza ta zama wauta, in ta wuce iyaka aka yi aiki da ita don mugun nufi ta zama makirci. Ka riƙe wannan ma'auni, domin a kansa sauran maganar take.

Fasali na farko: tsinkaya ba ta warware tawakkali

Wannan ita ce mas'alar da ƙafafu suka fi zamewa a cikinta. Tawakkali aikin zuciya ne, riƙon sababi aikin gaɓoɓi ne, kowanne da mazauninsa, ba su cin karo. Tirmizi ya ruwaito labarin mutumin da ya tambayi Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata gare shi, ko ya ɗaure raƙumarsa ko ya sake ta ya dogara ga Allah, sai aka umurce shi da haɗa su biyun, ɗaurewa da dogara.

Dubi hijira, shekara ta 622. Babu mahaluƙin da ya kai Annabi yaƙini da tsarewar Ubangijinsa, duk da haka ga yadda aka shirya tafiyar. Sayyidina Abubakar ya yi wata huɗu yana kiwon raƙuma biyu domin ranar. Aka bar Sayyidina Aliyu ya kwana a shimfiɗar Annabi, ya kuma tsaya ya mayar wa mutane ajiyarsu. Madina tana arewa da Makka, sai suka nufi kudu, suka shiga kogon Sauru suka kwana uku har neman ya yi sanyi. Abdullahi ɗan Abubakar yana yini cikin Kuraishawa, da dare ya kawo labari. Amiru ɗan Fuhaira yana biyo da tumaki, su sha nono. Asma'u ta ɗaure musu guzuri. Suka ɗauki ɗan jagora, Abdullahi ɗan Uraiƙiɗu, wanda a lokacin yana kan addinin mutanensa, domin ya san hanya kuma amintacce ne, ya bi da su ta gefen teku. Sa'ad da masu nema suka tsaya bakin kogon, dabara ta ƙare, a nan Annabi ya kwantar da zuciyar abokinsa da ambaton kasancewar Allah tare da su. To, ka ga tsarin: an cika sababi har iyakarsa, zuciya kuwa ba ta jingina da shi ba ko sau ɗaya.

Haka ranar Uhudu, shekara ta 3, ya sanya sulke biyu, ya ajiye maharba 50 a kan tudu da umurnin kada su sauka. Haka shekara ta 5, da rundunoni suka nufo Madina, ya karɓi shawarar Salmanul Farisi aka haƙa gwalalo, abin da Larabawa ba su saba da shi ba.

Sayyidina Umaru ma, a zamanin annobar Amwas, shekara ta 17 zuwa 18, ya nufi Sham, ya isa Sarga sai aka gaya masa annoba ta faɗa ƙasar. Ya kira Muhajirai ya shawarce su, suka saɓa. Ya kira Ansaru, suka saɓa. Ya kira dattawan Kuraishawa, suka haɗu a kan a koma. Abu Ubaida ya ga kamar wannan gudun ƙaddara ne. Umaru ya amsa masa da misalin mai raƙuma da ya sauka kwari mai gefe biyu, ɗaya da ciyawa ɗaya ƙeƙasasshe: duk inda ya kai su kiwo, da ƙaddarar Allah ya kai su. Sa'an nan Abdurrahmanu ɗan Aufu ya zo da hadisin da ya hana shiga ƙasar annoba, ya kuma hana wanda ke cikinta fita don gudu. Umaru ya gode wa Allah ya juya. Wanda ya ƙi magani, ko ya ƙi rigakafi, ko ya hau motar da ya san birkinta ya mutu, ya ce ai kwana ba ya ƙarewa sai ranarsa, to ya sani bai fi Umaru imani da ƙaddara ba.

Fasali na biyu: rukunan tsinkaya

Rukuni na farko, tabbatar da labari. Suratul Hujurati ta yi umurni da bincike idan wanda ba a amince da shi ba ya kawo labari, ta kuma faɗi dalili, shi ne kada a cuci mutane cikin rashin sani a wayi gari ana nadama. Masu tafsiri sun ambata ta sauka ne a kan labarin da aka kawo cewa Banu Musɗaliƙ sun hana zakka, har aka yi niyyar fita gare su, alhali mutanen suna kan biyayya. Ka lura, wannan a zamanin da labari ke tafiya bisa raƙumi ke nan. Yaya yau da yake tashi cikin waya, ya cika gari kafin mai shi ya rufe baki? Kafin ka ɗauki magana ka kai gaba, tambayi kanka abu uku: wa ya faɗa, shi ya gani ko ji ya yi, kuma me zai samu in an gaskata shi.

Rukuni na biyu, shawara. Allah ya umurci Annabinsa da ita cikin Suratu Ali Imrana, ga shi kuwa wahayi na sauko masa, balle ni da kai. A Badar, shekara ta 2, masu sira sun ambata Hubabu ɗan Munziru ya fara tambaya ko masaukin da aka sauka wahayi ne ko ra'ayi, da ya ji ra'ayi ne sai ya ba da shawara a matsa zuwa ruwan da ya fi kusa da abokan gaba, aka kuwa bi. Ka koyi ladabi daga tambayarsa: abin da nassi ya yanke ba a shawara a kansa. Mawardi ya sanya wa wanda za a shawarta sharuɗɗa biyar: hankali tare da gogewa, da tsoron Allah, da son alheri gare ka, da zuciyar da damuwa ba ta cika ta ba, da rashin wata riba tasa cikin al'amarin. Saboda haka ba a shawartar dillali a kan ko a sayi kayan da ke hannunsa, ba a shawartar mai fushi a kan wanda ya ɓata masa.

Rukuni na uku, awon maslaha da ɓarna. Ƙa'ida ce wurin malaman fiƙihu, tunkuɗe ɓarna ana gabatar da shi a kan jawo amfani, kuma in ɓarna biyu suka haɗu ana ɗaukar mai sauƙi. Annabi ya gaya wa Nana A'ishatu ya so ya mayar da Ka'aba bisa harsashin Annabi Ibrahimu, ya bari domin Kuraishawa sababbin shiga Musulunci ne. Daga baya Abdullahi ɗan Zubairu ya gina ta haka, Hajjaju ya mayar da ita yadda take. Da wani halifa na Abbasiyawa ya so ya sāke, Imamu Maliku ya roƙe shi ya bari, kada ɗakin Allah ya zama abin wasan sarakuna, kowa ya hau ya rushe ya gina. Ga abu mai kyau an bar shi sau biyu don tsoron abin da zai haifa.

Rukuni na huɗu, istihara, raka'a biyu na nafila da addu'ar da Jabiru ya ruwaito. Tana zuwa ne tare da bincike da shawara, ba ta maye gurbinsu, kuma ba sharaɗi ba ne a yi mafarki. In ka yi ta, ka ƙulla niyya ka tafi.

Fasali na uku: tsinkaya cikin dukiya da abinci

Karanta Suratu Yusufa da idon manomi. Sarkin Masar ya yi mafarki, Annabi Yusufu ya fassara, bai tsaya ga fassara ba sai da ya ba da tsari: a yi noma shekara bakwai a jere, abin da aka girbe a bar shi cikin zangarniyarsa sai kaɗan da za a ci, domin shekara bakwai masu tsanani na tafe. Hatsi in an sussuke shi ƙwari sun fi saurin cinsa, in yana zangarniya ya fi jimrewa. Iyayenmu sun san wannan, shi ya sa suke zuba gero dami-dami cikin rumbu, suke kuma ware rumbun tsimi, wanda ba a buɗe shi don biki ko don kasuwa ta yi kyau.

Ƙasar Hausa ta ga abin da ke faruwa in rumbu ya yi ƙasa. Jirgin ƙasa ya iso Kano shekara ta 1911, cinikin gyaɗa ya tashi a 1912, mutane da yawa suka karkata gare ta, ga haraji ana nema da kuɗi. Damina ta 1913 ta gaza, sai yunwar da ake kira Kakalaba ta auku a 1914, ta kashe mutane masu yawa tun daga ƙasar Kano har ƙasashen arewa da ita. Ba na ɗora laifi ga talakan da haraji ya tilasta shi sayar da abincinsa. Abin da nake so ka gane, a shekarar fari kuɗi ba su zama tuwo, kuma wajibin tanadi ya fi nauyi a kan mai iko da mai wadata, kamar yadda Annabi Yusufu ya nemi a ɗora shi kan taskokin ƙasa, ya kafa hujja da tsarewa da sani. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Amma ka rarrabe tanadi da ɓoye abinci. Mai tanadi yana ajiye na iyalinsa, an kuwa ruwaito Annabi ya kan ajiye wa iyalinsa abincin shekara. Mai ɓoyewa yana saye ya tara har ya yi tsada mutane na jin yunwa, wannan shari'a ta hana shi.

Dubi kuma ayar da ta fi kowace tsawo cikin Alƙur'ani, a ƙarshen Suratul Baƙara. A kan bashi take: a rubuta, a ambaci ajali, a kafa shaidu, ƙarami ne ko babba. Sau nawa zumunci ya yanke tsakanin wa da ƙane domin sun ji kunyar rubutawa, ɗaya ya mutu, magada suka yi musu? Kunyar sa'a ɗaya ta fi shari'ar shekara sauƙi. Suratun Nisa'i kuma ta hana a miƙa wa maraya dukiyarsa don ya balaga kawai, sai an jarraba shi an ga rushdu, watau iya riƙo. Wannan ya nuna maka shari'a ta mai da tsinkaya sharaɗin sakin hannu cikin dukiya.

Fasali na huɗu: tsinkayar ɗalibi ga harshensa

Wannan fasali naka ne kai kaɗai, ya ɗan'uwana, domin kuskuren ɗan kasuwa a jakarsa yake tsayawa, kuskuren malami kuwa jama'a ke ɗauka su tafi da shi. An ruwaito Imamu Maliku, wanda ya rasu shekara ta 179 (795), an yi masa tambaya 48, ya amsa 32 daga ciki da cewa bai sani ba. Wannan shi ne limamin Madina. Kai da ka sauke Ahalari da Ishmawi, ka fara Risala, me ya kai ka yanke hukuncin saki ko rabon gado a bakin kasuwa? Mas'alar saki tana rataye da lafazin da aka furta, da niyya, da adadin da ya gabata. Ka ji gefe ɗaya ka ba da fatawa, ka raba aure mai ƙarfi ko ka zaunar da mutane cikin haram. Magana zarar bunu ce, in ta fita ba ta komawa.

Mafi haɗari daga wannan shi ne kafirta Musulmi. Usamatu ɗan Zaidu, Allah ya yarda da shi, ya kashe wani mutum a fagen yaƙi bayan ya furta kalmar shahada, yana ganin tsoron takobi ya sa shi. Annabi ya tsananta masa ƙwarai, ya nuna masa ba shi da hanyar sanin abin da ke cikin zuciyar mutumin. A ƙasarmu ma, zamanin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda ya rasu shekara ta 1817, an sami waɗansu ɗalibai masu ɗan karatun tauhidi suna tare talakawa da tambayoyin ilmin kalami, wanda ya kasa amsawa su ce ba Musulmi ba ne. Shehu ya yi musu raddi cikin littattafai da yawa, daga ciki akwai Hisnul Afhami, ya tabbatar da cewa ana hukunta mutane da zahirinsu. Ka ga mutumin da ya tashi domin gyara, shi ne ya fi kowa tsoron gaggawa a wannan ƙofa.

Kuma ka san mai sauraronka. Ba kowace mas'ala ta zaure ake kaiwa kan mumbari ba. Buhari ya ƙulla babi a kan keɓe waɗansu mutane da wani ilmi don tsoron waɗansu ba za su fahimta ba.

Fasali na biyar: rarrabe tsinkaya da masu kama da ita

Abu biyu suna sa rigarta. Na farko tsoro. Alamar da za ka rarrabe su: mai tsinkaya yana jinkiri yana aiki, yana tambaya, yana shiri, kuma jinkirinsa yana da ranar ƙarewa. Matsoraci yana jinkiri yana zaune, in ka kawar masa da uzuri ɗaya ya kawo wani. Sulhun Hudaibiyya, shekara ta 6 (628), ya yi wa sahabbai nauyi har Umaru ya yi magana, domin sun koma ba su yi umra ba, sharuɗɗa kuma kamar sun karkata ga Kuraishawa. Sun zo su wajen 1,400. Bayan shekara biyu suka shiga Makka su 10,000. Haka Halidu ɗan Walidu a Mu'uta, shekara ta 8, da shugabanni uku suka yi shahada ya karɓi tuta, ya janye rundunar mutum 3,000 daga gaban Rumawa masu ninkin yawansu. Waɗansu a Madina suka kira su gudaddu, Annabi ya kore musu wannan suna. Janyewar da ke tsare jama'a don gobe jarumtaka ce.

Kuma akwai wuraren da jinkiri kansa shi ne wauta. An ruwaito daga Hatimul Asammu ya ƙidaya biyar: ciyar da baƙo, da shirya mamaci, da aurar da budurwa in ta isa, da biyan bashi in ajalinsa ya yi, da tuba daga zunubi. Abin da alherinsa ya bayyana ba ya bukatar dogon nazari.

Na biyu makirci. Mai makirci ma yana hangen nesa, yana auna magana, yana jiran lokaci. Bambancinsu a manufa yake. Mai tsinkaya yana tsare kansa ba tare da ya cuci wani ba, kuma da za a tone shirinsa gaban jama'a ba zai ji kunya ba. Mai makirci ribarsa hasarar ɗan'uwansa ce, shirinsa kuwa ba ya son rana. Haka nan kada taka-tsantsan ya kai ka ga mugun zato. Ka rubuta bashi, ka kulle ƙofarka, ka ƙidaya kuɗinka gaban mai ba ka, zuciyarka kuwa tana wanke game da shi. Surar da ta yi umurni da binciken labari, ita ce ta hana yawan zato da bin diddigin asirin mutane.

Cikawa

Ka sani tsinkaya gwargwadon nisan abin da ta hango take daraja. Wanda ya tanadi abincin shekara ya fi wanda ya tanadi na kwana, wanda kuwa ya shirya wa damina da rani ya manta kabari, tsinkayarsa gajeriya ce ko da mutane sun kira shi mai wayo. Madugun ayarin Gwanja a dā ba ya tashi sai ya san rijiyoyin hanya, da zangon da za a kwana, da guzurin da zai kai. Tafiyarmu ta fi tasa nisa, ba a kuwa gaya mana ranar tashi ba. Saboda haka ka rubuta wasiyyarka, ka bayyana bashin da ke kanka da ajiyar da ke hannunka, ka nemi gafarar wanda ka zalunta tun yana jin maganarka, ka rama sallar da ake binka. Kowane dare kafin ka kwanta ka yi wa kanka hisabi: me na faɗa yau da ban tabbatar ba, me na jinkirta da ya kamata in gaggauta.

In kuwa ka cika bincike da shawara da istihara, sa'an nan abu ya zo saɓanin yadda ka so, kada ka ci kanka da da-na-sani. An ɗora maka sababi, ba a ɗora maka sakamako ba. Annabi Yaƙubu ya umurci 'ya'yansa su shiga ta ƙofofi daban-daban, a cikin numfashi guda kuma ya shaida musu wannan ba ya tunkuɗe abin da Allah ya hukunta, Alƙur'ani kuwa ya yabe shi da ilmi.

Allah ya ba mu hankali mai amfani, ya tsare mu daga gaggawar wawa da jinkirin matsoraci, ya kyautata ƙarshenmu. Wanda ya kwafi wannan takarda ya gwada ta da asalinta kafin ya ba wani, ya kuma sa mu cikin addu'a, mu da iyayenmu da malamanmu. Allah shi ne mafi sani. Ta cika da godiyar Allah da kyakkyawan taimakonsa, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah. Amin.